Shaidar fursuna, alƙalamin ƴar siyasa: nazari a kan littafin Ma'asuma Abad

1. Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba littafin Man Zendeh-am, wato “Ina da rai”, wanda Ma'asuma Abad ta wallafa da harshen Farisanci a 2013. An haifi marubuciyar a Abadan, birnin matatar mai na kudancin Iran, a 1962. Yaƙin Iran da Iraƙi ya ɓarke ranar 22 ga Satumba 1980, kuma cikin Oktoba na wannan shekara sojojin Iraƙi suka kama ta bisa hanyar Mahshahr zuwa Abadan, tana aikin agaji. Ta yi wata 40 a tsare, aka sako ta a farkon 1984. Daga baya ta yi karatun ungozoma mai zurfi, ta kuma zama ƴar majalisar birnin Teheran daga 2007 zuwa 2017. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wace ce ke magana cikin littafin, budurwar da aka kulle ko ƴar majalisar da ta riƙe alƙalami bayan shekara kusan 30?

2. Jigo

Babban jigon littafin shi ne gwagwarmayar tabbatar da cewa mutum yana nan. Abad da abokan tsarewarta uku, Fatima Nahidi da Shamsi Bahrami da Halima Azmuda, sun shafe wajen shekara 2 a gidan kaso ba tare da an sanar da ƙungiyar Croix-Rouge ba. Fursunan da babu sunansa a rajista ana iya ɓatar da shi ba wanda zai nemi bahasi. Don haka matan suka shiga yajin cin abinci har aka rubuta sunayensu, aka ba su izinin aika wasiƙa gida. A nan sunan littafin ya sami nauyinsa. Kalmomi ne na saƙon da iyali ke jira, kuma ƙarar da fursuna ke ɗaukakawa a kan wanda ya ɓoye ta.

3. Zubi da salo

Marubuciyar ba ta fara da ranar kamu ba. Ta ɗauki lokaci tana bayanin ƙuruciyarta a Abadan, da ƴan'uwanta maza, da juyin juya halin 1979. Wasu za su ce gabatarwar ta yi tsawo. A ganinmu tana da amfani, domin sai mai karatu ya san gidan da aka rasa kafin ya auna ƙuncin ɗakin tsarewa. Inda salon ya fi ƙarfi shi ne wajen ƙananan abubuwa: ƙazanta, da ciwo, da fargabar mace a hannun masu gadi maza, da naciyar matan ga lulluɓinsu. Inda ya raunana kuwa shi ne wuraren da muryar wa'azi ke danne muryar budurwar, har shakka da tsoro su zo a shirye da amsarsu.

4. Matsayin littafin cikin adabin hukuma

A Iran ana kiran wannan yaƙi “Tsaro Mai Tsarki”, kuma hukuma ta raini wani rukunin adabi da wannan suna. Littafin Da na Zahra Husaini, da ya fito a 2008, yana cikinsa, sai dai ita baki ta bayar wata ta rubuta, alhali Abad da hannunta ta rubuta nata. Jagoran addini Ali Khamenei ya yi wa littafin Abad rubutaccen yabo, abin da ya ƙara masa kasuwa. Manazarci na iya cewa, tunda haka ne, farfaganda ce kawai. Wannan hukunci ya yi gaggawa, domin kamun da tsarewar sun auku, kuma yabon mahukunta ba ya ƙaryata wahalar wanda ya sha ta. Amma ɗaukar littafin tamkar cikakken tarihin matan Iran na lokacin shi ma kuskure ne. A waɗannan shekaru akwai wasu ƴan mata a gidan kason Evin, a hannun hukumar ƙasarsu. Marina Nemat, wadda aka kama a 1982, ta fitar da nata labarin a 2007 daga Kanada. Ɗaya an karrama shaidarta a gida, ɗaya sai a waje ta sami bakin magana.

5. Kammalawa

Mun ga cewa muryoyi biyu ne a littafin, kuma aikin mai nazari shi ne ya rarrabe su ba tare da ya kashe ɗaya ba. Ɗalibin da zai ɗauki rubutun gidan kaso a matsayin abin bincike, ya dace ya fara da tambayoyi uku: yaushe aka rubuta, wa ya buga, kuma shaidar wa aka bari a waje? Idan an yi wa littafin Abad waɗannan tambayoyi, abin da ke saura mai ƙarfi shi ne labarin mata huɗu da suka ƙi abinci don a rubuta sunansu.