Gyaran Birki da Boris na Tirela: Tsakanin Kunnen Bakanike da Kalanda

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san Tafa, inda tireloli kan yi layi, direbobi na hutawa, yaran mota na zagaya tayoyi. Abin da yaron zai fara yi shi ne ya kai bayan hannunsa kusa da cibiyar kowace taya. Idan ɗaya ta fi 'yan'uwanta zafi, ya san ko boris ya bushe ko birki na kamawa. Wannan ilimi ne na gaske, daga hannun maigida ake ɗaukarsa a gareji, kuma ya ceci rayuka da yawa. Sai dai ilimi ne da ke jiran ciwo ya nuna kansa kafin a nemi magani, kuma nan ne rauninsa.

A Amurka akwai wata al'ada da ta bambanta da tamu, ta masu ƙananan tireloli da ake ɗaura wa a-kori-kura don ɗaukar dawaki, katako ko ɗakin kwana na tafiye-tafiye. Yawancinsu birkin lantarki gare su. A cikin gangar birkin akwai maganaɗisu. Direba na taka birki, wata 'yar na'ura a gaban mota sai ta tura wuta daga batir, maganaɗisun ya manne wa fuskar gangar da ke juyawa, juyawar ta ja wani hannun ƙarfe, shi kuma ya buɗa takalman birki su matse gangar. Idan tirelar ta tsinke daga jikin mota, wata igiya kan fizge makunni, ƙaramin batirin da ke kanta ya kulle tayoyin. Kamfanin Dexter na garin Elkhart a jihar Indiyana, wanda ya yi suna wajen ƙera aksil na irin waɗannan tireloli, ya ƙayyade a kwance boris a sake masa giris duk wata 12 ko bayan mil 12,000. Mai tirela a can kalanda yake dubawa, ko da bai ji ƙara ba.

Manyan tirelolinmu, masu kan DAF, MAN, Mack ko Howo, da iska birkinsu ke aiki, dabarar da George Westinghouse ya yi wa rajista a 1869 domin jiragen ƙasa. Amma boris ɗin iri ɗaya ne da na can, mai 'ya'ya masu tsukakken kai, wanda Henry Timken, maƙerin keken doki, ya yi wa rajista a 1898. Dokarsa ba ta sauya ba don an tsallako teku. Ana wanke shi tas, a shanya, a duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi ya sha wuta, wanda ya yi ramuka ya gama aiki. Bakaniken kirki zai ɗibi giris a tafin hannu, ya riƙa danna bakin boris a kai har giris ɗin ya ɓullo ta ɗaya gefen, ba shafe kawai ba. Boris da zoben da yake gudu a cikinsa tare ake canza su, robar da ke tare giris kuwa ba a mayar da tsohuwa. Wajen ɗaure noti, ana matse shi ana juya taya, sannan a sassauta har wasan da ya rage ya zama kamar kaurin takarda. An matse da yawa, ya ƙone. An bar shi sako-sako, taya ta yi ta rawa har ta cinye bakin aksil.

Makanikanmu da dama sun san duk wannan. Abin da ke karya su shi ne maganar nan da kowane gareji ya saba ji: "Oga, a lallaɓa mana mu kai kaya, in mun dawo a yi mai gaba ɗaya." Daga nan ake samun sabon boris cikin tsohon zobe, da notin da aka ɗaure da guduma da kurfi, da ƙusa a gurbin ƙarfen da ke kulle noti. Takalmin birkin da ya sha giris, maimakon a jefar, sai a wanke da fetur ko a babbaka shi a mayar. A canza na dama a bar na hagu, motar ta riƙa fizga gefe guda. Mafi muni a ganina shi ne naɗe tiyon iska a ɗaure idan tukunyar birkin wata taya tana yoyo. Yoyon ya tsaya, allurar iska ta cika, amma tayar nan ba ta da birki, sauran ne za su ɗauki nauyinta. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za a gane ba. A gangaren Hawan Kibo da ke Filato, da lodin siminti ko shanu, gangunan da suka rage za su yi zafi har birkin ya daina ci. Watsa musu ruwa kuma na iya tsaga su.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan bakanike. Mai mota ne ke riƙe da kuɗi, direba kuma sau da yawa daga kuɗin hanyarsa ake so ya yi gyara. A kasuwannin kayan gyaran mota na Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, ɗan gwanjo da jabu da na asali duk suna nan, kuma kwalin jabun kan yi kama da na asalin. Ga lodin da ya wuce ƙima, wanda ke rage wa kowane boris kwana. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, da aka kafa a 1988, tana iya tsayar da mota ta duba taya da fitila, amma ba a bakin titi ake ganin cikin ganga ba.

Ba na son a yar da hannu da kunnen bakanike, domin kalandar Amurka ba ta san ramuka da ƙurar hanyoyinmu ba. A nan ma sai an rage wa'adin. Abin da ya kamata shi ne a haɗa biyun. Masu tireloli da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, ku sa wa kowace tirela littafi a rubuta ranar da aka buɗe kowace taya, ku ware kuɗin gyara daban da kuɗin hanya, ku kuma daina korar direban da ya ƙi tashi da motar da aka ɗaure wa tiyo.