Jinjina ga Masu Rubuta wa Yara Waƙa

Rubuta wa yaro waƙa aiki ne da sai mai haƙuri da tsarkin zuciya. Dole kalma ta yi sauƙi, ma'ana kuma ta yi nauyi. Masu wannan sana'a sun cancanci yabo, kuma Kaneko Misuzu ta ƙasar Japan tana sahun gaba a cikinsu.

An haife ta a 1903 a Senzaki, garin masunta da ke bakin teku. Ta rasu a 1930 tana da shekara 26, ta bar waƙoƙi 512 cikin littattafai uku da ta rubuta da hannunta. Duniya ta manta da ita har sai da marubuci Yazaki Setsuo ya gano su a wurin ƙaninta, aka buga su a 1984.

Gwanintarta ita ce sa yaro ya shiga halin wani. A wata waƙa, masunta sun yi babban kamu, gari na ta murna a gaɓa, ita kuwa sai ta tuna wa yaro cewa a ƙarƙashin ruwa kifayen da suka rage zaman makoki suke yi. Ba ta zargi masunta ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta dai buɗe wa yaro ido na biyu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi tausayin kifi zai yi wuya ya wulaƙanta ɗan'uwansa. Allah Ya saka wa irin waɗannan marubuta da alheri, Ya ƙaro mana irinsu cikin harshenmu.