Nazari a Kan Wasan Kwaikwayo na Sauraro Mai Suna The Marian Conspiracy

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari zan duba wani wasan kwaikwayo na sauraro, irin wanda muka saba ji a rediyo, da kamfanin Big Finish na Ingila ya fitar a shekarar 2000 cikin jerin wasannin Doctor Who. Jacqueline Rayner ce ta rubuta shi cikin kashi 4. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne, ya aza tambayar da ke gaban kowane malamin tarihi: yaya za a yi wa mutanen da suka shuɗe adalci?

Jigon wasan ƙagaggen labarin kimiyya ne. Akwai wani matafiyi da ake kira Dakta, wanda Colin Baker ya fito a matsayinsa, mai na'urar da ke ratsa zamani. Ya haɗu da Evelyn Smythe, dattijuwar malamar tarihi a jami'a, wadda Maggie Stables ta fito a matsayinta. Malamar ta fara ɓacewa daga duniya, domin wani abu ya taɓa tushen zuriyarta a can baya. Sai suka nufi zamanin Sarauniya Elizabet ta ɗaya don gyara al'amarin, amma suka sauka a 1555, lokacin mulkin yayarta, Sarauniya Meri.

Babban ƙarfin wasan shi ne yadda ya fito da Meri. Ta yi mulki daga 1553 zuwa 1558, ta mayar da Ingila ɗariƙar Katolika, kuma a zamaninta an ƙone 'yan Furotesta kimanin 280. Saboda haka littattafan da magabtanta suka bari suka fi tunawa da ita a matsayin mai zubar da jini. Marubuciyar ba ta wanke ta ba, amma ta bar mu mu ji muryarta: mace mai kaɗaici, mai begen haihuwar cikin da babu shi, wadda ta yi imanin cewa rayukan talakawanta take ceto. Shi kansa Dakta ya tsaya yana auna ko kyakkyawar niyya na kankare alhakin ran da ya salwanta. Bugu da ƙari, babu dodanni ko yaƙin taurari a ciki. Murya da ƙarar ƙofa da hayaniyar mashaya sun wadatar wajen gina birnin Landan a kunnen mai sauraro.

Sai dai wasan yana da rauni ta fuska uku. Na farko, malamar da ta ƙware a tarihin wannan zamani ta shiga mashaya tana yabon Elizabet a matsayin sarauniya, ba tare da ta binciki wanda ke kan gado ba. Daga baya kuma ta fallasa wa masu ƙulla makirci cewa cikin Meri ba na gaskiya ba ne. An mayar da masaniya mai sakin baki don kawai labari ya motsa. Na biyu, talakawan da wutar za ta ci an fito da su tamkar 'yan barkwanci, alhali an fara ƙone mutane a ranar 4 ga Fabrairu, 1555, da John Rogers. An yi wa sarauniya adalci, an rage wa talaka nasa. Na uku, wasan ya ba François de Noailles matsayin jakadan Faransa, alhali yayansa Antoine ne ke riƙe da muƙamin har 1556. Ita ma ɓacewar malamar ba a yi mata gamsasshen bayani ba.

A ganina, malamai za su amfana da dabarar wasan ko da ba su saurare shi ba. Mu ma galibin abin da muka sani game da Sarkin Gobir Yunfa daga alƙalamin waɗanda suka yi galaba a kansa ya zo. Ya kamata a koya wa ɗalibi ya tambayi wane ne ya rubuta labari, sannan ya nemi muryar wanda aka kayar da ta talakan da ba a ambata ba. Wasan ya cika rabin wannan aiki, ragowar kuwa yana wuyan malami a aji. Allah ya sa mu dace.