Mai bin takardun ɗalibai a ofishin ɗan majalisa

Ɗan majalisa ne ke sa hannu, shi kuma maroƙa ke wasawa ranar taro. Amma a mazaɓar Kiru da Bebeji, ko ta Tudun Wada da Doguwa, duk ofishin da ka ji ɗalibai na sa masa albarka, bincika da kyau, akwai wani hadimi a ciki wanda ba a buga hotonsa a fasta, shi ne ya san takarda ciki da bai.

In uba ya shigo masa da ɗansa, ba ya fara tambayar nawa ake nema. Sai ya ce, "Baba, a ba ni takardun tukuna." Ya baje su a tebur: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, katin NIN, shaidar haihuwa. Da ɗan yatsa yake bin suna harafi-harafi. Nan Muhammad, can Mohammed, a wata kuma an sa sunan gari a madadin sunan uba, ga shekarar haihuwa ta sha bamban. Mu a wajenmu duk yaro ɗaya ne, kowa ya san gidansu. Kwamfuta kuwa ba ta san wannan zumunci ba. Saboda haka yakan tura yaron ya yi rantsuwa a kotu, ya gyara bayanansa a hukumar NIMC, tun kafin shafin rajista ya tofar da shi ana saura kwana biyu a rufe.

Sai takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ɗalibai ke kira indijin. Ita ce ke raba kuɗin ɗan jiha da na baƙo a jami'o'in jiha irin ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, kuma ba a samun tallafin karatu na jiha sai da ita. Lokacin da Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista a 2023, gwamnatin Kano ta amince da naira miliyan 700 don ɗalibai 7,000, 'yan asalin jihar ake nufi. Hadimin ya san hanyar samunta: daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, sannan sakatariya. Ɗan Riruwai da ya ratso dajin Falgore har Kano ba tare da ita ba, kuɗin mota kawai ya ƙona.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake biyan kuɗi. Ba ya damƙa wa kowa tsaba, ko da ɗan mai gidansa ne. Ɗalibi ya ciro lambar Remita, a biya kai tsaye, a ajiye rasit. Tun da aka buɗe asusun lamunin karatu na NELFUND a 2024 kuma, yakan fara duba wanda zai iya samu a can, don abin da Onarabul ya ware ya kai ga waɗanda suka rage.

Masu fita waje, irin waɗanda jiha ta tura Indiya da Uganda karatun digiri na biyu, fasfo ne ke tsayar da su, domin hukumar shige da fice bayanan NIN take bi. A nan ma yakan gaya wa iyaye gaskiya: wasiƙar ɗan majalisa na iya sa a saurare ka, amma biza ofishin jakadanci ne ke bayarwa, kuma ba ruwansu da wanda ka zaɓa.