Masu Sauraron Jinin Yara

Na'urar ba ta da girma. Ana ɗora bakinta a gefen kan yaro, kusa da kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaro mai sikila na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ko da yana ta guje-gujensa lafiya lau.

A Amurka, tun 1998 ake kare irin waɗannan yara da ƙarin jini duk wata. To, ina jinin a nan, ina kuɗin? Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da takwarorinsu na Asibitin Murtala a Kano da na Barau Dikko a Kaduna, suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin haidroksiyuriya a kan yara 220. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin ma yana hana shanyewar, kamar matsakaicin awo.

Jinjina ta musamman ga nas-nas ɗin da suka koyi riƙe na'urar, aikin da a da sai ƙwararren likitan hoto. Su ke lallashin yaro ya kwanta shiru har a gama awon.