Daga Sabon Gari zuwa Tamanrasset: Littafi ya yi nisa, kuɗinsa bai dawo ba

Wanda ya buɗe littafin Hausa a WhatsApp yau, kafin ya kai ga layin farko na labari sai ya ratsa sunan marubuciya da na ƙungiyarta, da lambar asusun banki, da tallan turaren wuta ko kayan mata, sannan gargaɗi mai zafi, sau da yawa har da Allah ya isa, ga duk wadda ta karanta ba ta biya ba ko ta fitar da littafin waje. A wannan rabin shafi ake ganin halin da sana'ar take ciki. Mai rubutun ita ce maɗaba'a, ita ce dillaliya, ita ce kuma mai gadi.

Da can aikin a rabe yake. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Shehu Umar da Ganɗoki, hukuma ce ta zaɓa, ta tace, ta buga, ta kai makarantu. Haka aka tafi har zuwa So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC ya buga a 1980. Da tattalin arziki ya durƙushe a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya, sai matasan Kano suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta yi wata dabarar talla da ya kamata a tuna: littafin ɗan ƙungiya yana ɗauke da jerin littattafan 'yan'uwansa, wanda ya sayi ɗaya ya san sauran.

Wancan zamani ma da ƙayarsa. Mai shago a kasuwar Sabon Gari yakan karɓi littattafai bashi, ya riƙa biya a gutsure, marubuci yana sintiri. Masu ba da haya a unguwa su ci riba da kwafi ɗaya har ya yage. Duk da haka kowa ya san ƙofar da zai buga ya nemi haƙƙinsa.

Wayar hannu da tsadar takarda ne suka rushe wannan tsari, suka kuma kai littafin inda buhun dillali bai cika kaiwa ba. A dubi Tamanrasset a kudancin Aljeriya, kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi Damagaram da Agadas da Arlit, ta tsallaka iyaka tsakanin Assamaka da In Guezzam. Garin yana da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani masu jin Hausa, galibi daga Nijar. Shafin da aka saki a Kano da daddare yana iya shiga wayar mai zaune can a minti guda. To, ta yaya zai biya? Kuɗin hannunsa dinari ne, asusun da aka rubuta masa na naira ne. Marubuta da dama sun gano wannan dangane da Nijar, suna sa lambar wakili da farashi a sefa, amma wanda ya wuce iyakar Nijar sai dai ya roƙi wani ya biya masa, ko ya jira kwafin sata. Kuma kwafin sata ba ya daɗewa: mutum ɗaya ya biya, ya haɗa shafukan wuri guda, ya watsa a guruf-guruf na kyauta, wani ya ɗauka ya karanta a YouTube ba da izini ba yana karɓar kuɗin talla. Da yawa daga waɗanda ake ja wa Allah ya isa ba a taɓa buɗe musu hanyar biya ba.

Manhajoji sun rage wannan ɓarna, sai dai dogaro da guda ɗaya kasada ce. OkadaBooks, wadda ta fara a 2013 kuma marubutan Hausa suka yi amfani da ita, ta rufe a ƙarshen 2023. Marubucin da bai ajiye rubutunsa da lambobin masu karatunsa a hannunsa ba, ranar da manhaja ta rufe ya koma farko.

Ramin da ya fi zurfi yana cikin rubutun kansa. Tsarin shafi ɗaya kullum yana sa a ja labarin da ya isa ya ƙare, a yi ta kishiya da uwar miji har mai karatu ya gaji. Babu mai tacewa, ƙa'idar rubutu ta zama abin da aka ga dama, ana haɗe kalmomi ana raba su yadda yatsa ya faɗa. Wasu kuma sun ga batsa ta fi saurin cika guruf, suka mai da shafukan ɗanɗano tarko. A 2007 an ƙona littattafai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu bisa zargin ɓata tarbiyya, marubuta suka sha wuyar kare mutuncin sana'arsu. Abin takaici ne a ce yau wasu suna miƙa wa masu wancan zargi hujja da hannunsu.

Abin da ke sayar da littafi na dogon zango a bayyane yake ga mai lura. A kammala labari kafin a saki shafin farko, a ba wanda ya san ƙa'ida ya duba, a biya shi. A shiga gasa irin Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, domin suna da aka samu ta gaban alƙalai yana buɗe ƙofofin da talla ba ya buɗewa. A yi yarjejeniya a rubuce da masu karantawa a YouTube da masu fim, tunda Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiyoyin da sunayensu ke saman kowane shafi su haɗa kai su naɗa amintattun wakilan karɓar kuɗi a Nijar da Aljeriya da Gana da Sudan da Saudiyya, su ɗauki masu tace rubutu na haɗin gwiwa, su kuma kai ƙarar ɓarawo ɗaya gaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya domin saura su gani.