Mai Bin Sawu a Cikin Kwamfuta

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne da busasshen kifi a Yelwan Yauri, kuma sitonsa a jikin gidansa yake. Tun ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, suka kwashi ɗalibai da malamai, kowa a ƙasar nan ya sake duban ƙofarsa da katangarsa. Shi Kawu sai ya sa aka kafa masa kyamarorin tsaro guda huɗu, aka jona su da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya ta hannu, aka ajiye ta a ɗakin zaure. Daga baya ya ƙara sababbi biyu a bayan sito. Ba a jima ba manhajar da ke nuna hotunan, take kuma naɗarsu, ta tsiri wata ɗabi'a: sai ta rufe kanta, ba sallama ba ban-kwana. Kwamfuta a kunne, fanka na juyawa, kyamarori na bango da jajayen idanunsu, amma babu mai rubuta abin da suke gani.

Yaran gida sun samo nasu maganin: duk wanda ya ga ta rufe ya sake buɗewa. Wani mai gyara kuma ya zo, ko zama bai yi ba ya ce a yi fomatin, wato a share komai a sake ɗorawa. Sau biyu ana yi, sau biyu ciwon yana dawowa. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san irin wannan aiki. Idan jirgi yana shan ruwa, malalaci kwarfewa yake yi har a kai gaɓa. Masassaƙin kirki kuwa jawo jirgin yake yi tudu, ya kife shi, ya bi katako ɗaya bayan ɗaya har ya gano tsagar.

Irin wannan masassaƙin ne ya zo a karo na uku, wani saurayi mara yawan magana, a kan babur. A jakarsa akwai sukudireba, burushi mai laushi, abin hura iska, mitar awon wuta, filas guda biyu, da littafi da biro. Ya gaisa, ya zauna a tabarma, ya kusa kwatan sa'a bai taɓa kwamfutar ba.

"Alhaji, in abin ya faru, kwamfutar ce ke mutuwa gaba ɗaya, ko manhajar ce kaɗai ke ɓacewa?"

"Ɗana, ni dai abin da na sani, hoto ya tafi."

"To, Alhaji, mene ne na ƙarshe da aka ƙara kafin ta fara?"

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Kyamarorin bayan sito."

Saurayin ya rubuta. Daga baya ya yi mini bayanin cewa ciwo huɗu ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, wai "ta lalace". Idan kwamfuta ta mutu ɗungurungum, a fara zargin wuta ko zafi. Idan ta daskare, allo na nuna hoto amma komai ba ya motsi, a duba rumbun ajiya da ƙwaƙwalwa. Idan gurbin kyamara ɗaya ne ya yi baƙi, a bi waya, wataƙila ɓera ya ci ta ko laimar tafkin Kainji ta sa bakinta ya yi tsatsa. Idan kuwa manhajar ce kaɗai ta rufe, sauran komai lafiya, to sawun yana cikin kwamfutar. Matambayi ba ya ɓata: da tambaya biyu ya rufe hanyoyi uku.

Abu na farko da ya duba ya ba ni mamaki. Agogo ne, can a kusurwar allo, kuma ya tarar da shi yana nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa. A cikin kwamfuta irin wannan akwai ɗan batir mai siffar kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, aikinsa riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. Na Kawu ya mutu. Saurayin ya zare wayar wuta, ya canza shi, ya daidaita kwanan wata. Ya ce bidiyon da lokacinsa ƙarya ne shaida ce mai rauni, kuma mai bin sawu ba ya iya aiki idan bai san sawun jiya da na bara ba.

Sannan ya buɗe littafin da kwamfuta ke rubutawa a kanta. Mutane da yawa ba su san Windows yana da irin wannan kundi ba. Ana danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta eventvwr, sai Event Viewer ya buɗe, wato ma'ajiyar rahoton duk abin da ya auku. Kowane irin lamari da lambarsa. Lamba 41 a sashen System tana nufin kwamfuta ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, kamar in wuta ta yanke. Lamba 1000 a sashen Application tana nufin wata manhaja ta faɗi. Ya tarar da 41 jefi-jefi, 1000 kuwa jere kamar buhuna a sito. Ya buɗe guda biyar, ya kwafi layi biyu daga kowacce. Layi ɗaya yana faɗin sunan fayil ɗin da aka yi tuntuɓe a kansa, ɗayan yana ba da lambar laifin. Duk biyar ɗin bakinsu ɗaya: fayil ɗin na direban hoto ne, lambar kuma 0xc0000005.

Direba a nan ba matuƙin mota ba ne. Ƙaramar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin Windows da wani sashe na ƙarfen kwamfuta, a nan sashen da ke zana hoto a allo. Ita kuwa lambar, ma'anarta manhaja ta kai hannu wani gurbi na ƙwaƙwalwa da ba a ba ta ba. Kamar ɗan kasuwa ne ya baje kayansa a rumfar wani, sarkin kasuwa ya tashe shi nan take. Windows ba ya sauraron ba'asi, kora kawai yake yi. Abin da muke gani a matsayin rufewa ke nan.

Wani da ya ga haka sai ya ce ya gama. Shi kuwa ya ce zato dabam, tabbaci dabam, sai ya sa ciwon ya tashi a gabansa. Ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya fito, allon da ke nuna nauyin da kowane sashe ke ɗauka. Ya nuna mini layi biyu. Na farko furosesa, ita ce mai lissafi. Na biyu ram, wadda ya kwatanta da tabarmar aiki: rumbun ajiya shi ne sito, ram kuwa shimfiɗar da ake zazzage abin da ake aiki a kansa yanzu. Ya buɗe tsofaffin kyamarori huɗu kaɗai, muka zauna sa'a guda, layukan suna kwance. Ya ƙara ta biyar, suka ɗaga. Ya ƙara ta shida, fanka ta fara kuka, kafin rabin sa'a manhajar ta ɓace. Ya dubi agogo, ya koma kundi, ga sabuwar 1000 a daidai mintin.

A nan ne ilimin da ke ɓoye ya fito. Kyamara ba ta aiko hoto a shimfiɗe, ƙunshe shi take yi don ya yi sauƙin ɗauka, kwamfuta kuma ta kwance ƙunshin kafin ta nuna. Tsofaffin huɗun suna ƙunshi da tsarin H.264, wanda ya fito a 2003. Sababbin biyun da H.265 suke yi, na 2013, wanda yakan matse hoto zuwa kusan rabin girman na farko, amma kwance shi ya fi wuya. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2015 sashen hotonsu ba shi da cikakken kayan kwance wannan sabon ƙulli. Manhajar tana miƙa wa sashen aikin da bai iya ba, ta bakin tsohon tafinta, sai a yi karo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: manhaja na da nata laifin, kwamfuta na da nata.

Gyaran ma ɗaya bayan ɗaya ya yi shi, kuma kafin ya taɓa komai sai da ya kwafe saitin manhajar da sunayen kyamarori a filas. Ƙa'idarsa ita ce a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya canza biyar a lokaci guda, ko ya dace bai san wanne ya yi magani ba. Ya fara cire zaɓin da ke tura aikin kwancewa ga sashen hoto. Manhajar ta daina faɗuwa, amma furosesa ta haye ɗari bisa ɗari. Wannan ya tabbatar da zaton, sai dai ba mafita ba ce. Ya ɗora sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ba daga fayafayan kasuwa da ake kwafa ba, waɗanda sau da yawa suke zuwa da cuta.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gaba. Kowace kyamara irin wannan tana aiko hoto iri biyu, babba da ƙarami. Babban na sababbin kyamarorin ɗigo 2560 ne a faɗi, 1440 a tsayi. Ƙaramin 640 ne da 360. Idan aka raba allo mai ɗigo 1920 da 1080 gida tara, kowane gida 640 ne da 360 cif. Ashe duk wannan lokaci kwamfutar tana kwance hoton da ya ninka abin da gurbin zai iya nunawa sau 16, tana zubar da sauran. Naɗa kuwa ba ya buƙatar kwancewa, ƙunshin ake jefawa rumbu yadda ya zo. Sai ya bar babban hoton yana tafiya rumbu da kyansa, ya mai da kallon allo kan ƙaramin, a tsarin H.264. Layin furosesa ya sauko ya kwanta, fanka ta yi shiru.

Bai tsaya nan ba. Ya kashe kwamfutar, ya zare waya, ya fita da ita tsakar gida, ya taɓa ƙarfen jikinta don ya sauke wutar da ke taruwa a jikin mutum, sannan ya buɗe. Ƙurar hunturu ta yi kitse a kan fanka, ga yanar gizo, ga ɓawon albasa. Ya dafe fankar da yatsa kafin ya hura, don kada iska ta juya ta fiye da kima. Ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. A Maris da Afrilu zafin Yauri yakan kai digiri 40, furosesa kuma idan ta doshi 100 rage gudu take yi, ko ta kashe kanta.

Sai lissafin rumbu, a littafi, da biro. Kyamarar da ke aiko megabit 4 a sakan tana cin rabin megabait ke nan. A rana akwai sakan 86,400, wato kimanin gigabait 43. Shida za su ci kusan 260. Rumbu mai gigabait 1,000 ba zai kai kwana huɗu ba. Ya saita manhajar ta riƙa goge mafi tsufa tana rubuta sabo, ya bar sarari, don rumbun da ya cika maƙil ma yakan kayar da manhaja. Ya gaya wa Kawu, "Alhaji, in an yi ɓarna, kada a wuce kwana uku ba a kira ni ba."

Saura wuta. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwa da tsibiransu, amma har yau a bakin tafkin ana ɗauke wuta ana kawowa, ga sauyi tsakanin janareta da sola. Kowace yankewa tana iya gutsure fayil ɗin da ake cikin rubutawa. Ya sa aka sayo UPS, ɗan akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci. Ya hana kwamfutar yin barci, ya saita ta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, manhajar ma ta buɗe ba sai an taɓa ba. Ya canza kalmomin sirrin da kyamarori suka zo da su daga kamfani, ya rubuta sababbin a takarda ya damƙa wa Kawu hannu da hannu.

Kawu ya ciro kuɗi, saurayin ya ce, "Alhaji, a bari sai gata." Da ya dawo bayan kwana uku, kundin ya fara buɗewa: babu 1000 ko ɗaya. Ya koma bidiyon daren jiya, ya ja shi daga magariba zuwa asuba yana neman giɓi, bai samu ba. Ya zare wayar bango da gangan, hoto bai ko ƙifta ba. Sannan ya karɓi haƙƙinsa.

Kyamara ba ta kama ɓarawo, shaida kawai take bayarwa, kuma shaidar da ke barci a lokacin da abu ya faru ba ta da amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai karatu, in kana da kyamara a gida ko a shago, yau ka koma bidiyon ƙarfe uku na daren jiya ka gani ko yana nan. In babu, nemi mai gyaran da zai fara yi maka tambaya kafin ya ambaci fomatin.